Sujadar gidanmu ta mutu sau uku, yaya zan sa iyalina su bi ni?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci mai shekara 12 da aure. Yana da 'ya'ya huɗu, babbar tana da shekara 11, autan yana da 3, ga kuma 'yar ƙanensa da suke riƙo. Sau uku yana kafa sujadar iyali a gidansa, sau uku tana mutuwa kafin a cika mako biyu. Yara suna gyangyaɗi, uwargida kuma tana zama kamar wadda aka tilasta wa, ba ta cewa uffan. Ya ce: "Littafi Mai Tsarki ya ce miji shi ne kan mace. To yaya zan yi in sa su bi ni?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mutumin da ya tashi sau uku bayan faɗuwa ba wasa ya zo yi ba, kuma abin da kake nema abu ne mai kyau. Amma inda ka sa ido ba nan ciwon yake ba. Gyangyaɗin yara abu ne mai sauƙin magani, lokaci da tsawo ne kawai za a gyara. Shirun uwargida shi ne babban al'amari, kuma da shi za a fara, domin babu sujadar da za ta tsaya a gidan da uwar 'ya'ya ke zaune cikinta kamar baƙuwa.

Ka buɗe Afisawa 5 ka ƙirga ayoyin da kanka. Daga aya 22 zuwa 24, ayoyi uku, Bulus yana magana da mata. Daga 25 zuwa 33, ayoyi tara, kusan dukansu da miji yake. Aya 21 kuma, wadda ake yawan tsallakewa, ta ce a yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. A cikin ayoyi taran nan babu inda aka ce wa miji ya sa matarsa ta yi biyayya. Ita aka yi wa maganar biyayya, tsakaninta da Ubangijinta. Abin da aka ɗora wa miji shi ne ya ƙaunace ta kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta, ya ciyar da ita, ya kula da ita kamar jikinsa. A Markus 10:42-45 Yesu ya ambaci irin mulkin da sarakunan al'ummai suke yi, na nuna iko, ya ce wa almajiransa ba haka zai zama a tsakaninsu ba. Saboda haka zaman kan gida yana nufin kai ne na farko wajen ɗaukar kaya: kai za ka fara tashi, kai za ka fara neman gafara, kai za ka fara buɗe aljihunka a gani. Wanda ya yi waɗannan ba ya yawan buƙatar tuna wa kowa cewa shi ne kai.

To kafin ka sake tara kowa a kan tabarma, ka samu uwargida ku biyu, bayan yara sun yi barci, ba ranar da aka yi faɗa ba. Ka yi mata tambaya ɗaya: "Maman yara, wancan karon da muka fara sujada, me ya sa ba ki sake ba?" Sai ka yi shiru. Kada ka kare kanka, kada ka jawo aya. Amsoshin da mata suka fi bayarwa ba su da yawa. Wata za ta ce lokacin da aka sa shi ne lokacin da take tsakiyar wanke-wanke da shirya kayan makaranta, ta tashi tun asuba, ƙarfe tara na dare jikinta ya mutu. Wata za ta ce kullum ayar da ake karantawa a kanta take sauka. Wata kuma, wannan ita ce mai nauyi, za ta ce bakin da ya zage ta da rana shi ne yake cewa a rufe ido a yi addu'a da dare. In wannan ce amsar, 1 Bitrus 3:7 ta riga ta faɗa: miji ya zauna da matarsa da fahimta, ya ba ta girma, don kada addu'arsa ta toshe. Ba ka da wata hanya sai ta neman gafara, kuma neman gafara yana da yadda ake yinsa. Ka ambaci laifin da sunansa: "Ranar Talata na ɗaga miki murya a gaban yara, na yi kuskure, ki gafarce ni." Kada ka ce "in na ɓata miki rai", domin ka san ka ɓata. Kada ka biyo shi da "amma ke ma", domin wannan kalma tana kwashe duk abin da ka zuba. Laifin da aka yi a gaban yara kuma, a gaban yara ake neman gafararsa. Maza da yawa suna tsoron hakan zai zubar musu da girma. Abin da ake gani a gidaje akasin haka ne: yaron da ya taɓa jin babansa ya ce "na yi kuskure" ya fi saurin faɗin gaskiya idan shi ya yi nasa.

Ku biyun ku zaɓi lokaci tare. A yawancin gidaje masu ƙananan yara, lokacin da ya fi tsayawa shi ne da zarar an gama cin tuwon dare, kafin kowa ya miƙe, kwanuka na nan a ajiye. Dalilin a fili yake: an riga an taru, ba sai an yi ta kiran wannan daga ɗaki, wancan daga maƙwabta ba. In ka bari sai ƙarfe tara ko goma, ɗan shekara uku ya yi barci, 'yar shekara goma sha ɗaya tana fama da aikin makaranta. In aikinka ba ya barinka ka dawo kafin dare ya yi nisa, ku mayar da ita safiya, minti goma sha biyar kafin a fara wanka. Da damina, gidan da ke noma zai ga safiya ba ta yiwuwa saboda sammakon gona, sai a koma dare har a gama girbi. Abin da ake so shi ne a ɗaura sujadar a jikin wani abu da ake yi kullum babu fashi, kamar cin abinci, maimakon a ɗaura ta a jikin agogo. Wanke-wanken da ke jira kuma, a raba shi bayan an tashi. In uwargida ta san kwanukan nan ita kaɗai suke jira, hankalinta yana kansu, ba a kan karatu ba.

Tsawonta kada ya wuce minti goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Nan ne maza masu himma suke kashe abin da hannunsu. Suna kwaikwayon sujadar Lahadi: waƙoƙi uku, sura guda cikakkiya, wa'azin rabin awa, doguwar addu'a. Daren farko kowa ya daure, dare na biyar an fara neman uzuri. Rabon da ke aiki shi ne waƙa ɗaya, kamar minti uku; karatu na aya goma zuwa goma sha biyar, minti biyu ko uku; tattaunawa minti huɗu; addu'a minti huɗu; a rufe da Addu'ar Ubangiji ko a faɗi alheri tare. In an gama yara suna cewa a ƙara waƙa, ka ce sai gobe. Gara a tashi da marmari da a tashi da gajiya.

Ga yadda dare ɗaya zai kasance. An ture kwanuka gefe, an ɗauke wuta, fitila mai caji tana tsakiyar tabarma. Uwargida ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ko ɗaya daga cikin na Zumuntar Mata da yara suka riga suka iya, autan yana buga murfin tukunya da cokali. Babbar ta karanta Markus 4:35-41, ayoyi bakwai kacal, inda hadiri ya taso wa almajirai a teku, ruwa yana cika jirgi, Yesu kuwa yana barci a kan matashi a bayan jirgin. Kai ba za ka yi wa'azi ba, tambaya uku za ka yi. Ga ƙananan: "Me Yesu yake yi lokacin da iska ta taso?" Ga manyan: "Me ya sa almajiran suka ƙara jin tsoro bayan iskar ta kwanta?" Ga kowa da kowa: "Wane abu ne yake ba ka tsoro a makon nan?" A nan ne za ka ji ɗan shekara bakwai ya ce akwai wani yaro a ajinsu da ke ƙwace masa abinci, abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan shi ne abin da za a yi addu'a a kai, kuma shi ne abin da za ka bi sawunsa a makaranta gobe. Ka ga a minti huɗun nan ka ji abin da wa'azin awa guda ba zai fito maka da shi ba.

Kowa ya samu aikinsa. Mai karatu na juyawa kullum tsakanin waɗanda suka iya. Ɗaya yana ɗauko Littafi da fitila, ɗaya yana zaɓen waƙa. Addu'a a yi ta gajeru, kowa jimla ɗaya ko biyu, a zagaya, kai ka rufe. Ka ajiye ƙaramin littafin rubutu na naira kaɗan, a rubuta abin da aka roƙa da kwanan wata, in an samu amsa a ja layi a rubuta ranar. Ƙarshen wata a karanta shi. Yara suna koyon dogara ga Allah daga wannan littafin fiye da yadda ake zato.

Game da abin karantawa, kada ka fara daga Farawa da niyyar bi a jere har Wahayi. Za ku ji daɗin Farawa da rabin Fitowa, sannan ku shiga ma'aunin alfarwa da dokokin hadayu na Littafin Firistoci, a nan sujadar gidaje da yawa take kwanciya. Ka fara da Markus. Sura 16 ce, labari ne mai tafiya da sauri, in ana ɗaukar aya goma sha biyu kullum, kwana shida a mako, za ku gama cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Daga nan labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, sai dai ka tsallake sura 38 saboda ƙananan, ka kuma karanta sura 39 kai kaɗai tukuna don ka san yadda za ka bayyana ta. Sai Rut mai sura huɗu, Yunana mai sura huɗu, labaran Sama'ila da Dawuda, Daniyel 1 zuwa 6, Ayyukan Manzanni. A watan Disamba Luka ya dace ƙwarai, sura 24 ce, ana zaɓar yanki daga sura ɗaya kullum har jajibirin Kirsimeti. Ranar Asabar a bar sabon karatu, a yi haddar aya ɗaya. Zabura 23, Zabura 121 da Dokoki Goma na Fitowa 20 sun isa aikin wata shida. Duk abin da za a karanta da dare, ka duba shi da rana ko na minti biyar ne, domin uban da ya buɗe Littafi ya faɗa kan inda ya faɗa yakan ƙare da maimaita abu ɗaya kullum.

Akwai maganar harshe da ba a cika lura da ita ba. Gidajen Kirista da yawa a Arewa harsuna uku ke yawo a cikinsu: na gado wanda kaka take ji, kamar Tyap ko Ngas ko Bura ko Tangale, Hausa ta coci da kasuwa, da Turancin makaranta. A karanta da harshen da mafi yawan mutanen gidan suke ji, a yi bayani da wanda ƙaramin ciki yake ganewa. In yaran sun saba da Turanci suna tuntuɓe a kan ɓ da ɗ da ƙ, kada a yi musu dariya, wannan karatun na dare shi zai koya musu. Ku kuma riƙe fassara iri ɗaya. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 da wadda aka sabunta daga baya sun bambanta har a sunayen littattafai: inda ɗaya ta ce Kubawar Shari'a, ɗayar Maimaitawar Shari'a ta ce, inda ɗaya ta ce Yohanna, ɗayar Yahaya. In baba yana bin wannan, 'ya tana bin waccan, hadda ba za ta zauna ba.

Yanzu ga abin da ya fi kowane kashe sujadar gida: mayar da ita kotu. Yaro ya fasa kofi da rana, da dare a buɗe Afisawa 6:1. An yi saɓani da uwargida, da dare a buɗe Karin Magana inda ake maganar mace mai faɗa. Har addu'a ma ana yin habaici da ita: "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar wasu a gidan nan da ba sa jin magana." Kowa ya san da wa ake. Bayan mako biyu, jin an ce a kawo Littafi ya zama kamar jin an ce a kawo bulala. Maganin wannan shi ne bin littafi a jere, ta yadda ba kai kake zaɓar aya don wani ba, da kuma doka ɗaya da za ka kafa wa kanka: ba a hukunci, ba a tsawatarwa, ba a tone-tone a kan tabarmar sujada. Horo yana da nasa lokaci, a keɓe, bayan fushinka ya sauka. Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 duka ubanni suka kira da suna, suka ce kada a tsokani 'ya'ya har su yi fushi ko su karai. Ka faɗa wa yaro laifinsa, ka ji ta bakinsa, hukuncin ya yi daidai da girman laifin, kuma ya zama abin da kai da uwarsa kuka riga kuka amince a kai, don kada ɗaya ya ɗaure ɗaya ya kwance. Wannan ba kira ba ne ga sakaci. Eli firist ya yi wa 'ya'yansa magana, amma 1 Sama'ila 3:13 ta ce ya san abin da suke yi bai hana su ba, kuma a kan haka aka hukunta gidansa. Dukan mace kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan. Kolosiyawa 3:19 ta hana ko muzguna mata. Inda hannu ya fara tashi, magana ta wuce ta sujada, sai an shigo da fasto da dattawa da iyaye, kuma lafiyar matar ita ce farko.

Ka ambaci 'yar ƙanenka da kuke riƙo, kuma ina so ka dube ta da kyau, domin a kanta yaranka za su auna gaskiyar abin da kake karantawa. In ana waƙa ita tana bakin murhu, in ana rabon nama nata ne ƙarami, in kuɗin makarantarta ne kullum ake jinkirtawa, to yara sun riga sun koyi darasi kafin a buɗe Littafi. Ta zauna a tabarma ɗaya da su, ta karanta a ranar da layi ya zo kanta, a ambaci iyayenta da suna cikin addu'a. Labarin Yusufu da za ku karanta ya fara ne da uban da ya fifita ɗa ɗaya da riga, kuma ka san inda ya kai gidan.

Kuɗi ma suna cikin wannan magana, ko da ba ka tambaya ba. Mace da ba ta san abin da mijinta yake samu ba, sai dai a miƙa mata na cefane a ce ta yi dabara, da wuya ta saki jiki ta yi addu'ar biyan bukata tare da shi. Sau ɗaya a wata, ranar da albashi ya shigo ko aka sayar da amfanin gona, ku zauna da takarda. A rubuta abin da ya shigo, nata da naka. A fitar da zakka da baiko, sai abinci, haya, kuɗin makaranta da aka raba bisa watanni don kada ya faɗo gaba ɗaya a farkon zango, abin da za a aika wa iyaye na ɓangarorin biyu, da ɗan abin da za a ajiye saboda asibiti. Kuskuren da ake yawan yi shi ne alkawarin bainar jama'a: a ranar godiya ko gidauniyar gini maigida ya miƙe ya ambaci adadin da bai shawarci kowa a kai ba, a dawo gida a tarar an koro yara saboda kuɗin makaranta. Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah, a Markus 7:9-13, kuma 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa. A yi bayarwa, amma a yanke adadin a gida, ku biyu.

Haka nan lokaci. Makon coci a cike yake: taron dattawa, addu'ar tsakiyar mako, koyon waƙa, Zumuntar Maza, Zumuntar Mata, fita bishara. Mutum zai iya zama kullum a coci, gidansa kuwa ba a ganinsa sai barci. 1 Timoti 3:4-5 ta sa riƙon gida a gaba, ta ce wanda bai iya da gidansa ba yaya zai kula da ikilisiyar Allah. Ka ƙirga darare nawa kake gida a mako. In ba su kai huɗu ba, ka ajiye wani aikin, ka gaya wa fasto dalili.

Ranar da ka yi tafiya, uwargida ta jagoranta, kuma ka faɗi haka a gaban yara tun farko don su san ba aron kujera ta yi ba. Bangaskiyar Timoti, abokin aikin Bulus, daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo. In ta fi ka sanin Littafi, wanda yakan faru da matan da suka daɗe a Zumuntar Mata, riba ce gare ka, ka riƙa tambayarta a gaban yara. In baƙo ya zo, kada a fasa. A ce masa lokacin addu'armu ya yi, in yana so ya zauna, in maƙwabci ne Musulmi ko wani da ba zai so ba, a ba shi wuri da ruwa cikin mutunci, ba ta wuce minti goma sha biyar ba. Wayoyi, har da taka, a ajiye su a ɗaki; in a waya kake karatu, saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke ka, don haka Littafi na takarda ya fi.

Za a yi fashi. Rashin lafiya, biki, makoki, ko gajiya kawai za su cinye kwana biyu ko biyar. Abin da ya kashe sujadarka sau uku wataƙila ba fashin ba ne, kunyar sake farawa ce, da tunanin sai an yi sabon shiri da dogon jawabi. Kada ka yi jawabi, kada ka nemi wanda ya jawo. A sa zare ko tsinke a inda aka tsaya, daren da aka samu dama ka ce wa babbar ta ɗauko Littafi, a ci gaba daga ayar da ke biye. Kwana huɗu a mako na tsawon shekara ya fi kwana goma sha huɗu a jere sannan shiru. In yaro ya yi tambayar da ba ka da amsarta, kamar me ya sa Allah ya bar ƙanin abokinsa ya mutu, ka ce masa ba ka sani ba, a rubuta ta a bayan littafin addu'o'in nan, ranar Lahadi bayan an tashi sujada ka riƙe hannunsa ku je wurin fasto ku tambaya tare.